Shiri ya tashi, bashi ya zauna

Ni ɗan manomi ne daga wani ƙauye a yankin Giwa, kuma na yi shekaru ina aikin malamin gona a ƙarƙashin wani shirin bincike na haɗin gwiwa da ƙasashen waje. A shirin na koyi sana'ar da nake ci da ita yau, a cikinsa kuma na kwaso bashin da ya kusa raba ni da garinmu. Ba zan faɗi sunansa ba, ko sunan waɗanda muka yi aiki tare, don ba ƙara nake kaiwa ba. Ina rubutawa ne saboda samarin da ake ɗauka irin wannan aiki duk damina, a ba su babur da waya da hula mai tambari, amma ba mai gaya musu inda ramin yake.

Wuta-wuta ce ta cinye gonar Babanmu. Tun ina yaro, da damina ta yi nisa sai furenta ya rufe ƙarƙashin dawa, karan ya tsumbure, zangarniya ta fito ba ƙwaya. Baba yakan ce ƙasa ce ta gaji, kuma yana da rabin gaskiya. Sauran rabin a kwalejin aikin gona na same shi. Ƙwayar irin wuta-wuta ta fi ƙwayar yashi ƙanƙanta, tushe ɗaya yana zubar da dubun-dubatarta, kuma tana iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma ba ta mutu ba. Ba ta tsirowa sai ta ji ruwan da saiwar dawa ko gero ko masara ke fitarwa. Daga nan sai ta maƙale wa saiwar, ta yi makonni tana tsotsa a ƙarƙashin ƙasa kafin ta leƙo. Ranar da manomi ya gan ta, ɓarnar ta riga ta yi nisa. Tana kuma fin ƙarfi a ƙasar da sinadarin naitirojin ya ƙare mata, wato dai gajiyar da Baba ke faɗa.

Mu mutanen ƙasar Zazzau ba baƙi ba ne ga masu bincike. Tun 1922 ake gwajin iri a Samaru, cibiyar binciken noma da ke can ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sannan a 1975 Bankin Duniya ya sa kuɗi a shirin raya noma na Funtua da ke maƙwabtaka da mu, wanda ya taimaka masara ta tashi daga bayan gida ta koma babbar gona. A 1992 shirin noma na Sasakawa ya shigo Kaduna da Kano, kuma dattawanmu har yau suna tuna shi ne ya nace musu a kan ƙwaya ɗaya a rami, da binne taki maimakon watsa shi. Don haka da aka ce ana neman ma'aikatan fili a wani sabon shiri, ba wanda ya yi mini gargaɗi. Inna ta yi ta sa albarka, Baba ya ce in fara da gonarsa.

Yana da kyau a san yadda ake gina irin waɗannan shirye-shirye, domin daga ginin matsalar ke farawa. Mai ba da tallafi yana ware kuɗi na shekara uku zuwa biyar. Wata jami'a a waje takan tsara tambayar binciken, ta riƙe bayanan, ɗalibanta su yi digiri a kai. Cibiyar ƙasa da ƙasa ta kawo iri da ƙwararru. Cibiyar gida ta gwada, ita ce kuma ke da hurumin kai iri gaban kwamitin da ke amincewa da shi. Hukumar raya noma ta jiha ta ba da malaman gona. A can ƙasa kuma sai mu, 'yan kwantiragi, da ake sabunta wa takarda damina bayan damina. Duk waɗanda ke sama suna da albashin da bai dogara da shirin ba. Mu kaɗai ne shirin ke ɗauke da mu, kuma fuskarmu kaɗai manomi ya sani.

Aikin kansa na so shi, har yanzu ina sonsa. An koya mana ɗibar ƙasa: a bi gona a karkace, a haƙa wurare goma zuwa goma sha biyar, zurfin santimita 20, a guje wa gindin bishiya da shuri da inda aka taɓa jibge taki, a haɗa duka a bokitin roba, a ɗebi kamar rabin kilo, a shanya a inuwa. An koya mana yanka fili mita 10 a kan mita 10, wanda shi ne kashi ɗaya cikin ɗari na hekta, don lissafi ya zo da sauƙi. Masara tana son santimita 75 tsakanin kunya da kunya, 25 tsakanin rami da rami, abin da ke ba da tushe kusan 53,000 a hekta. Takin da ake ba da shawara a yankinmu shi ne buhu takwas na kamfa mai lamba 15:15:15 a hekta cikin makonni biyun farko, sannan yuriya buhu biyu da rabi zuwa uku a mako na huɗu zuwa na shida. A ɗan filin gwaji wannan ya zama kilo 4 na kamfa da kilo ɗaya da ɗoriya na yuriya. Ana tona ɗan rami kamar santimita 5 daga gindi, a zuba, a rufe. Yuriyar da aka bari a sarari, musamman in rana ta buɗe, wani kasonta iska ce ke sha.

Wajen girbi kuwa ba a wasa. Ana barin layukan gefe, a girbe na tsakiya kawai, a auna, a gwada danshin ƙwaya, sannan a yi lissafi. Kuskuren kilo ɗaya a wannan ɗan fili buhun masara guda ne a hekta idan an ninka. Shi ya sa yaron da ya karya goyo biyar ya gasa zai iya sauya abin da za a rubuta a rahoto a wata ƙasa.

Abubuwan da ke lalata gwaji ba su cika shiga rahoto ba. Akwai filin da ake bari ba taki da gangan don a kwatanta. Manomi yakan kalle shi ya ji tausayi, ko ya ji kunyar masu wucewa, ya zagayo da yamma ya ɗan barbaɗa masa. Wani yakan ba da mafi munin wuri a gonarsa don ba ya son hasara, wani ya ba da mafi kyau don a yaba masa, duka biyun suna karkatar da sakamako. Kuɗin aiki kuma sau da yawa yana bin kalandar mai tallafi ne, ba kalandar ruwan sama ba. Irin da ya iso bayan maƙwabta sun yi noman firi, ko shi ne mafi kyau a duniya, a idon ƙauye ya faɗi.

Abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne waken suya. Saiwarsa tana yaudarar ƙwayar wuta-wuta ta tsiro, amma ba ta iya maƙale masa, sai ta mutu da yunwa. Haka kowace damina ta wake tana rage abin da ke kwance a ƙasa. Ga kuma ƙwayoyin halittar da ke zama a ƙulle-ƙullen saiwarsa suna jawo naitirojin daga iska. Ana sayar da su a ƙunshi, baƙin gari mai laushi, ana shafa wa iri kafin shuka: kamar giram 10 ga kowane kilo na iri. A jiƙa ƙaro a ruwan ɗumi, a bari ya huce, a ɗan yayyafa wa irin don ya yi danƙo, a zuba garin, a juya a hankali har kowace ƙwaya ta yi baƙi, a bar shi ya sha iska a inuwa, a shuka a ranar cikin ƙasa mai danshi. Abu ne mai rai. Rana tana kashe shi, zafin bayan mota yana kashe shi, wasu magungunan da ake cuɗa iri da su ma suna kashe shi. Idan kuma aka zuba wa waken yuriya da yawa, sai ya daina yin ƙulle-ƙullen, tunda ya samu na banza. Takin supa yake so, buhu huɗu zuwa biyar a hekta. In ana son sanin ko aiki ya yi, a tona tushe ɗaya lokacin fure, a wanke saiwar, a fasa ƙulli da farce. Idan cikinsa ja ne ko ruwan hoda, yana aiki. Idan fari ne ko kore, zaman banza yake.

Na nuna wa Baba wannan a gonarsa. Ya daɗe yana juya ɗan ƙullin a tafin hannu, sannan ya ce, "To ai jini ne da shi." Daga shekarar ya raba gonar biyu, wake a gefe, masara mai jure wuta-wuta a gefe, ana musanyawa, ana kuma tuge duk wadda ta fito kafin ta yi fure a ƙone ta. Ba ta ƙare ba, amma ta ja baya har gonar ta sake ciyar da gida. Wannan nasarar ce ta sa mutanen gari suka yarda da ni, kuma yardar ce daga baya aka ci bashi da ita.

A shekarun ƙarshe na shiri, abin da mai tallafi ke son ji shi ne manoma nawa aka kai wa, ba fili nawa aka gwada ba. Sai aka ce a kafa ƙungiyoyi, a haɗa su da dillalin kayan gona ya ba su iri da taki da maganin ciyawa bashi, su biya da kaka, wani babban mai saye kuma zai kwashe amfanin. Tsarin a takarda ba shi da aibu. Amma alƙawarin mai saye na baki ne. Shirin ya ce dokarsa ta hana shi tsaya wa kowa a kan bashi. Dillalin ya ce shi bai san manoman ba, ni ya sani. Naira ta riga ta faɗi tun 2016, taki ya yi tsada, mutane da yawa ba su da abin shiga gona, ruwa kuma ya sauka. Na sa hannu a madadin ƙungiyoyi biyu. Wannan a daminar 2017 ne.

A farkon 2016 aka fara ganin wata sabuwar tsutsar masara a kudancin Najeriya, wadda asalinta daga nahiyar Amurka take. A daminar 2017 ta same mu sosai. Da farko mutane sun ɗauka tsohuwar tsutsar kara ce. Alamarta ta farko 'yan tabo ne a ganye, inda ta kankare koren ta bar fata mai shara-shara. Bayan kwanaki sai manyan huji, da kashinta mai kama da dussa cike da naɗin ganyen sama. Wadda ta girma tana da zane mai rassa biyu a goshi da ɗigo huɗu baƙaƙe a kusa da wutsiya. Da rana tana lafewa can cikin naɗin, sai da dare take fitowa ci. Mutanenmu suka riƙa fesa maganin da suka saba da shi, da tsakar rana, a saman ganye, bayan tsutsar ta riga ta girma. Magani bai kai inda take ba, wanda ya kai kuma bai kashe ta ba. Abin da ya kamata shi ne a riƙa duba gona tun masara na da ganye uku zuwa huɗu, a tsaya wurare biyar a duba tushe goma zuwa ashirin a kowane wuri, a yi feshi da sassafe ko da yamma, a saita bakin famfo cikin naɗin, tun tana ƙarama. Wannan bayani ya iso mana daga baya, a takarda mai launi, da Turanci, lokacin masara ta riga ta yi gemu.

Wasu sun sami rabin abin da suka sa rai, wasu ko kuɗin taki ba su mayar ba. Da kaka farashi ya karye, mai sayen da aka yi wa shela bai zo ba, wayarsa ta daina shiga. A ƙarshen shekarar wa'adin shirin ya cika. Aka yi taron rufewa a wani otal, aka nuna hotunan gonakinmu. Ni aka kira ni ofis in mayar da babur da na'urar shigar da bayanai. Maganar gurbin karatun digiri na biyu da aka sha yi mini ita ma ta bi ruwa, domin gurbin na ma'aikatan dindindin ne, kuma hakan yana cikin yarjejeniyar tun farko, yarjejeniyar da ba a taɓa nuna wa ɗan kwantiragi ba.

Dillalin ya zo har ƙofar gida. Bai ɗaga murya ba. Ya gaida Baba, ya zauna a tabarma, ya ce da ni, "Malam, ni fa ban san wani Bature ba. Hannunka ne a takarda." Ba ƙarya ya yi ba, shi ma bashin ya ɗauko daga sama.

Abin da ya fi bashin ciwo shi ne yadda gari ya sauya. Mutanen da ke tare ni a hanya da ganyen masara a hannu suna tambaya suka koma kauce mini. Wasu kunya suke ji don ba su biya ba, wasu kuma sun yarda cewa an ba ni kuɗin tallafi na danne. Wani dattijo da nake ganin girmansa ya tambaye ni a bainar jama'a ina sakamakon ƙasar da na ɗiba a gonarsa shekaru uku da suka wuce. Ba ni da amsa. Ƙasar ta tafi ɗakin gwaji, lambobin sun tafi kwamfuta a wata ƙasa, an buga su a mujallar da ko ni sai na biya kuɗi zan karanta, shi kuwa ko takarda ɗaya ba a dawo masa da ita ba. Na daina zama a dandali. Nakan yi sallar asuba a sahun baya in fita kafin a shafa. Barci ya ƙaurace mini, har aka auna ni aka ce jinina ya hau. Matata ta sayar da tumakinta da ɗan kunnen aurenta ba tare da na roƙe ta ba, ta ajiye kuɗin a gabana ta koma ɗaki. Na fi jin nauyin wannan a kan zuwan dillalin.

Na yi niyyar barin garin ba sallama. Baba ne ya hana. Ya ce, "Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Wanda ya gudu shi ne ɓarawo." Shi ya kai maganar gaban dagaci. Aka tara shugabannin ƙungiyoyin da dillalin, aka buɗe littafin da nake rubuta wanda ya karɓi kaza a rana kaza, da sa hannunsa ko dangwalensa. Littafin nan shi ya cece ni. Aka raba bashin a kan buhuna, ba a kan naira ba, aka shimfiɗa shi a kan kaka uku. Mafi yawa sun biya a hankali. Wasu sun bar gari, wasu sun musanta duk da dangwale, nasu ya dawo kaina.

Da rani na tafi cikin Kaduna na kama aiki a shagon kayan gona a wajen Kawo, ina ɗaukar buhu ina auna magani. A bayan kantar nan na fahimci abin da shekarun gwaji ba su nuna mini ba. Manomi yakan shigo ya ce yana son baƙin garin nan na waken suya da aka taɓa ba su, mai shago ya ce bai san shi ba. Wani ya zo neman irin da aka gwada a ƙauyensu, ba ya tuna lambarsa, don a kan allo da Turanci aka rubuta, allon kuma gara ta ci. Bincike ya yi aikinsa, abin ya tabbata yana da amfani, amma ba wanda ke sayar da shi a inda manomi zai iya zuwa da ƙafa. Muddin shiri yana raye, motarsa ce ke kawo kaya kyauta, kuma kyautar ce ke hana ɗan kasuwa shiga, don ba mai kasa abin da ake rabawa a bakin masallaci. Ranar da motar ta daina zuwa, sai a koma gidan jiya.

A kan wannan giɓin na gina abin da nake yi yanzu. Na dawo gida na fara da irin waken suya, domin shi ne ya fi saurin mutuwa a ajiya, kuma shi ne aka fi cutar mutane da shi a kasuwa. Kafin in sayar wa kowa, nakan ƙirga ƙwaya 100 in shuka a kwanon yashi mai danshi a gabansa, a dawo bayan mako guda a ƙirga. In 85 ko fiye suka fito, iri ne. In sun gaza haka a ƙara yawan abin da za a shuka, in sun faɗi ƙasa sosai a kai shi ga masu awara. Ba a dukan waken iri da ƙarfi wajen sussuka, don tsagewar da ido ba ya gani tana kashe shi. Baƙin garin kuwa nakan saro shi daf da shuka, in duba ranar ƙarewarsa, in ajiye shi a leda a cikin randa da aka binne gindinta a jiƙaƙƙen yashi a ɗaki mai duhu, tunda wutar lantarkinmu ba abin dogaro ba ce.

Sai buhun ajiyar hatsi na PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta samar tare da masu bincike na Afirka, aka fara yaɗa shi sosai a 2007. A ganina yana cikin 'yan abubuwan da suka tsira bayan shirinsu, kuma dalilin a fili yake: tun farko an sa masana'antu su ƙera shi, 'yan kasuwa su sayar. Leda biyu ne masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. A hura iska a kowace leda a duba ko tana da huji, a zuba hatsi, a matse iskar, a murɗe bakin ta ciki a lanƙwasa a ɗaure, a yi wa ta biyu haka daban, sannan buhun waje. Ƙwarin da ke ciki su shanye iskar da ta rage su mutu, ba tare da ɗigon magani ba. Yana gazawa ne in ɓera ya huda, ko ana yawan buɗewa, ko hatsin bai bushe ba. Wanda ba shi da na'urar gwada danshi ya sami busasshiyar kwalba, ya zuba ƙwaya da busasshen gishiri, ya girgiza, ya bari ta ɗan zauna. In gishirin ya manne a jikin kwalba, a mayar da hatsin shanya. Duk wanda ya tuna cewa a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu saboda ragowar fiya-fiya da ake zuba masa a ajiya, ya san wannan buhu ba ƙaramin abu ba ne, ko don cikin 'ya'yanmu.

Aflasafe, wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar tare da ma'aikatar noma ta Amurka don rage gubar da ruɓa ke sa wa masara da gyaɗa, labarinsa daban ne. Ƙwayar dawa ce da aka rina shuɗi, ɗauke da nau'in naman gwarin da ba ya yin guba, don ya riga mai gubar kama wuri. Ana watsa kilo 10 a hekta, mako biyu zuwa uku kafin masara ta fitar da kai, bayan an gama noma na ƙarshe don kada a binne shi, kuma ƙasa na da danshi. Yana aiki. Amma gubar ba ta ganuwa, kuma a kasuwar ƙauye tiya ɗaya ce farashinta ɗaya, mai guba da marar guba. Sai wanda ke sayar wa kamfanin da ke gwadawa ne ke ganin ribarsa a aljihu, shi ya sa nake ba wa mutane shawarar su fara da ɓangaren da za su ci a gida. Haka waken SAMPEA 20-T da Samaru ta fitar a 2019 tare da gidauniyar fasahar noma ta AATF da cibiyar bincike ta CSIRO da ke Ostareliya: yana kare kansa daga tsutsar da ke cin fure da kwanso, feshi ya ragu zuwa kamar sau biyu, amma wanda ya ji an ce ba ya buƙatar magani ya bar shi haka nan, ƙwari masu tsotsar kwanso za su gama da shi. Rabin bayani ne ke kashe iri mai kyau a ƙauye, kuma rabin bayani shi ke saura in malamin gona ya tafi.

Na gama biyan dillalin, har yanzu muna ciniki da shi. Dattijon da ya tambaye ni sakamakon ƙasarsa ya rasu ban kai masa ba.

A farkon 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da mafi yawan tallafin da take bayarwa ta hukumar USAID, shirye-shiryen noma da dama a Afirka suka tsaya ana tsakiyar aiki. Samari biyu da na sani suka kira ni, murya na rawa, suna tambayar yadda za su fuskanci manoman da suka yi wa alƙawari. Na ce su je da ƙafarsu su faɗi gaskiya tun kafin a ji a wani wuri, su kwafi duk takardar da ke hannunsu kafin a karɓe na'ura, kuma kada su sa hannu a kan bashin kowa, ko da gari zai ce sun yi rowa.

Masu bincike ba su daina zuwa ba, kuma ba na korarsu, domin ba mu da ɗakin gwaji a ƙauye, ba mu da hanyar samar da sabon iri da kanmu. Sai dai yanzu in an zo neman in haɗa su da manoma, akwai abin da nake nema a rubuce kafin a kafa turke ko ɗaya. A dawo wa kowane mai gona da sakamakon ƙasarsa da na gwajinsa, da Hausa, kafin damina ta gaba. A biya shi abin da ya rasa a filin da aka bari ba taki, don kada ya zagayo da yamma. A faɗi sunan irin da lambarsa a ba shi a kati. A nuna mini shagon da zai sayar da kayan bayan shiri ya tashi, a fara sayarwa ta hannunsa tun shekarar farko ko da an rage farashi. Ma'aikatan fili kuma a karanta musu yarjejeniyar, su san ranar ƙarewa da abin da ke nasu da wanda ba nasu ba.

Tawagar da ta zo bana ta yarda da komai sai biyan diyyar filin da ba taki. Shugabarsu ta ce ba a sa shi a kasafi ba, kuma ba ta da ikon ƙara layi sai ta rubuta wa masu tallafi. Na ce mata, "Hajiya, a rubuta, muna jira." Kafin amsa ta zo mun daidaita a kan a rage filin zuwa mita 5 a kan mita 5, a kuma ɗauke shi daga bakin hanya zuwa tsakiyar gona.